An Koya Musu Gwaninta, Hatsari Ya Ƙaru: Ina Gizo Ke Saƙar?

A farkon shekarun 1970 an yi ta tattauna wata shawara a Amurka, cewa a fito da lasin tuƙi na musamman, lasin gwanaye. Ba za a ba kowa shi ba sai wanda ya je filin horo irin na 'yan tseren mota, ya koyi taka birkin gaggawa, da kauce wa abu a guje, da dawo da mota kan hanya idan santsi ya kwashe ta. Hujjar masu shawarar a fili take. Mutumin da ke shan kwana da gudun da ke kaɗa hanjin ɗan kallo, ai tuƙin zuwa kasuwa ba komai ba ne a wurinsa. In aka ɗebo kaɗan daga abin da ya sani aka ɗura wa sauran direbobi, dole hatsari ya ragu.

Wasu masu bincike biyu, Allan Williams da Brian O'Neill, ma'aikatan wata cibiya da kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, suka ce kafin a buga lasin nan bari a leƙa a ga yadda gwanayen kansu ke tuƙi idan sun baro fili. Suka samo sunayen direbobin da ƙungiyar Sports Car Club of America ta ba takardar shiga gasa ta ƙasa a jihohin Florida da New York da Texas, suka buɗe fayil ɗinsu a hukumomin lasin, suka gwada da na direbobi gama-gari tsararrakinsu. A 1974 suka fitar da abin da suka gani. 'Yan tseren sun fi yin hatsari a kan titi, sun kuma fi shiga hannun 'yan sanda saboda gudu da sauran laifukan hanya.

Maganar lasin gwanaye dai ba ta je ko'ina ba. Amma ta bar tambaya a baya: ta yaya wanda ya fi iyawa zai fi yin ɓarna?

Amsar da za ta fara faɗo wa kowa a rai ita ce, dama wa ke shiga tsere in ba mai son gudu ba? Da halinsu suka je filin, da shi suka dawo. Wataƙila ma sun fi sauran mutane daɗewa a bayan sitiyari, kuma wanda ya fi yawan zama a hanya shi ya fi gamuwa da tsautsayi. Wannan uzuri yana da ƙarfi, binciken 1974 shi kaɗai ba zai iya rushe shi ba. Sai an samu inda aka kwashi kowa da kowa aka kai fili, mai rawar kai da matsoraci, wanda ya so da wanda bai so ba, sannan a ƙirga abin da ya biyo baya.

Ƙasar Norway ce ta yi hakan, ko da yake ba da niyyar gwaji ta yi ba. Ƙasa ce da titunanta ke shafe watanni a ƙarƙashin ƙanƙara, don haka a 1979 aka kafa doka cewa duk sabon direba, kafin lasinsa ya zama na dindindin, sai ya koma makaranta zango na biyu ya yi kwas guda biyu: na tuƙi a santsi, da na tuƙi cikin duhu.

Filin santsin wani shimfiɗaɗɗen wuri ne da aka gyara samansa ya yi sumul, ana ta kwarara masa ruwa. An jera wasu abubuwa masu laushi a tsakiya a madadin mutum ko mota. Ɗalibi zai taho da gudu, malami ya ce taka birki, tayoyi su ƙame, mota ta ci gaba da sulalewa abinta ta kwashe abin da aka jera. Ko kuma bayanta ya fizge gefe, ta yi katantanwa sau biyu, ta tsaya tana kallon inda ta fito. A ce a sake. Wannan karon malami zai ce: saki birki, taka kuloci, murza sitiyari ya bi inda bayan motar ya nufa, da ta fara dawowa ka miƙe shi kafin ta zarce ɗaya ɓangaren. A yi ta maimaitawa, har ka ga yaro ya cafke ta, ta miƙe sambal, ya buɗe ƙofa ya fito baki har kunne.

Mai karatu ya riƙe wannan murmushin, za a neme shi nan gaba.

A 1988 wani mai bincike, Alf Glad, na cibiyar nazarin sufuri da ke Oslo, ya gwada waɗanda suka karɓi lasin bayan dokar da waɗanda suka karɓa kafin ta. Abin da ya tarar ya tayar da hankalin hukuma. Samarin da suka yi kwas ɗin santsi sun fi yin hatsari, kuma a kan santsin ma abin ya fi muni, wato daidai inda aka kashe kuɗi aka horar da su. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Uzurin halin 'yan tsere ya faɗi ke nan, domin waɗannan ba zaɓaɓɓu ba ne, duk wanda ya nemi lasin ne.

To ko abin da ake koyarwa a filin ne ƙarya? Wannan shi ne zargi na biyu, kuma ya kamata a tsaya a kansa, domin wanda bai san abin da fili ke koyarwa ba zai ɗauka wasan banza ne.

Duk abin da mota ke yi, tafiya da tsayawa da juyawa, ta wurare huɗu take yin sa, inda taya ke taɓa ƙasa, kowanne faɗinsa kusan tafin hannu. Riƙon da taya ke yi wa kwalta kamar kuɗin cefane ne, ƙayyadadde: abin da ka kashe a birki ba ka da shi a kwana. Shi ya sa ɗan tsere ke gama yawancin birkinsa tun mota tana miƙe, ya riƙa sassauta shi a hankali yana shigar da sitiyari, kuma ba ya danna totur sosai sai ya fara warware sitiyarin. Birki yana tura nauyin mota gaba, bayanta ya yi sakayau. Wanda ya firgita a tsakiyar kwana ya danne birki, ko ya ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, da kansa ya sauke nauyin da ke manne tayoyin baya da ƙasa, sai ka ji an ce mota ta ƙwace masa. Jackie Stewart, ɗan Scotland da ya zama zakaran duniya a tseren Formula 1 a 1969 da 1971 da 1973, bayan ya yi ritaya ya riƙa koya wa mutane wannan darasi da wata dabara. Akan kafe wani faranti mai ɗan zurfi a kan bonet, a jefa ƙwallo a ciki, a ce ka zagaya fili da sauri ba tare da ƙwallon ta faɗo ba. Mai fizgar sitiyari da mai burma birki ba sa zuwa ko'ina. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan ilimi. Haka mota take, a Oslo ko a Zinder.

Zargi na uku ya fi kama hankali: mantuwa. Ɗan tsere yana maimaita abu ɗaya sau dubbai har hannunsa ya riƙa yi kafin ya yi tunani. Ɗalibin Norway 'yan awoyi ya yi a fili, sannan ya tafi gida. Ranar da santsin gaske zai kwashe shi, wataƙila bayan wata goma, da dare, da abokai a mota ana hira, ina hannu zai tuna? Ga kuma bambancin shiri. A fili ka san inda abin yake, ka san daidai inda malami zai ce taka. Masu nazarin tuƙi sun auna cewa direban da ke jiran abu yakan kai ƙafa kan birki cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wanda aka shammata kuwa yakan kai daƙiƙa ɗaya da rabi. A gudun kilomita 100 a awa mota na cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, wato ta share sama da mita 40 kafin birki ya fara aiki.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai warware ƙullin ba. Da mantuwa ce kaɗai, da yaran sun koma daidai da waɗanda ba su je filin ba, a tashi babu riba babu asara. Su kuwa hatsarinsu ƙaruwa ya yi. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da suka ɗauko a filin nan wanda bai zube a hanya ba, kuma shi ke kai su rami.

Alamar farko tana cikin rahoton Glad ɗin kansa. Kwas biyu aka wajabta, kuma na biyun, na tuƙin dare, ya rage hatsari cikin duhu. Ɗalibai ɗaya, makarantu ɗaya, doka ɗaya, amma sakamako ya raba hanya. Me ake yi a kwas ɗin dare? Kusan babu wata dabarar hannu a cikinsa. Ana fita da kai titi mai duhu, a tsayar da mutum sanye da baƙaƙen kaya a gefen hanya, ka taho da gajeriyar wuta, irin wadda ake komawa idan wata mota na tahowa. Ba ka ganinsa sai ya rage mita 25 zuwa 30 tsakaninku. A maƙala masa ɗan abin nan mai ƙyalli, ka hango shi tun daga kusan mita 140. A gudun kilomita 80, mita 30 daƙiƙa ɗaya ce da 'yan kai. Babu wanda ke fitowa daga wannan darasi yana dariya. Jiki a sanyaye ake komawa gida.

Alama ta biyu daga Finland ta zo. Su ma sun shigar da horon santsi cikin karatun tuƙi wajen 1990, da aka duba sai aka ga abin ya rabu bisa shekaru. A cikin matasa, maza da mata, kason hatsarin da ake yi a kan santsi ya hau. A cikin waɗanda suka koyi mota da ɗan girmansu kuwa ya sauka. Malami ɗaya ya koya musu abu ɗaya, amma kowa da abin da kunnensa ya ɗauka.

Wasu masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Turku, Katila da Keskinen da Hatakka, suka bi wannan zare. Suka tambayi malamai da ɗalibai a Denmark da Finland da Norway da Sweden: me ake son a koya a kwas ɗin nan? A rahotonsu na 1996, malamai sun ce babban abin shi ne ɗalibi ya riƙa hango santsi tun daga nesa ya guje masa, sarrafa mota bayan ta ƙwace kuwa na biyu ne. Ɗalibai suka ɗora biyun a mizani ɗaya. Kuma ina laifinsu? Malam ya yi wa'azin hattara da baki, sannan ya shafe sauran yinin yana koya musu cafke mota, yana yaba wanda ya cafke.

Wanda ya kama ɓarawon da hannu shi ne Nils Petter Gregersen, na cibiyar binciken hanyoyi da sufuri ta Sweden. Ya ɗauki masu koyon mota 53 ya raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko aka koya musu yadda za su ƙware wajen birki da kaucewa a santsi. Gida na biyu aka shirya musu darasin yadda za su gane da kansu cewa iyawarsu ba ta kai ba, kuma abin da zai faru ba ya ƙiyastuwa. Bayan mako guda aka dawo da su duka, aka fara tambayar kowa yadda yake ganin zai yi, sannan aka ce bisimilla, shiga mota. Waɗanda aka koya wa gwaninta sun fi ba kansu maki. Da aka zo aikin kuwa, babu bambanci tsakanin gidajen biyu. Shi ma a 1996 ya buga wannan sakamako.

Ga murmushin nan da aka ce a riƙe. Iyawar ta tsaya inda take, ko ta ƙaru kaɗan ta zube bayan 'yan watanni, amma yarda da kai ta hau ta zauna daram. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa, sai dai wannan ƙuƙumin mai shi ji yake kamar fiffike aka ba shi.

Wani zai ce, to don yaro ya ƙara ɗan gudu kaɗan sai me? A nan lissafi ba ya da tausayi. Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana bin gudu ne ninki-ba-ninki: ka ninka gudu sau biyu, nisan ya ninka sau huɗu. A ɗauki motoci biyu iri ɗaya suna tafe kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a 50, ɗaya a 60, su taka birki a layi ɗaya. A daidai inda ta farko ta tsaya cak, ta biyun tana nan tana gudun kilomita 33 a awa. In 100 da 120 ne, ta biyun za ta wuce wurin a kan 66. Babu murza sitiyarin da zai biya wannan bashi. Ba kuma samari kaɗai ke faɗawa tarkon ba. A shekarun 1980 an bi diddigin wasu motocin tasi a birnin Munich na Jamus, wasu da birkin ABS mai hana taya ƙamewa, wasu babu. Masu sabon birkin ba su fi sauran tsira daga hatsari ba, domin direbobin sun cinye ribar a gudu da matse wa na gaba.

Da wannan, har sakamakon 1974 ya daina ba da mamaki. Ɗan tsere ya saba tuƙi a inda kowa ya nufi gaba ɗaya, babu mai tsallaka titi, akwai masu tuta a kowace kwana suna gaya masa abin da ke gaba, ga fili an bari a gefe don wanda ya zarce, ga motar asibiti tana jira. Ya fito titi da ƙarfin zuciyar can, ya baro duk waɗannan a can.

Saura tambaya ɗaya, kuma a ganina ita ce mai amfani. Shin babu abin kirkin da direba zai ɗauko daga filin tsere ke nan? Akwai, amma sai an duba manyan gwanaye, waɗanda suka tsufa a zamanin da tsere ke cin rayuka kusan kowace shekara.

Ranar 21 ga Mayu, 1950, aka yi tseren Monaco a kan titunan garin, motoci 19. Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina mai shekara 38, shi ne a gaba cikin Alfa Romeo. A zagayen farko igiyar ruwa daga tashar jiragen ruwa ta watso kan titi a wata kwana da ake kira Tabac. Fangio ya riga ya wuce, amma abokin aikinsa Giuseppe Farina da ke biye da shi ya yi katantanwa, na baya suka yi ta afkawa, motoci tara suka lalace suka cushe hanya. Fangio bai san an yi ba, ba a kuma sa wa direbobi rediyo a lokacin. Ya zagayo a guje ya nufo kwanar, wadda ba a hango abin da ke bayanta. Sai kawai ya taka birki tun da sauran nisa, ya iso a hankali, ya lallaɓa ya ratsa tsakanin tarkacen, ya je ya ci tseren da ratar zagaye guda cur tsakaninsa da Alberto Ascari da ya zo na biyu.

Me ya gani? Kamar yadda ya riƙa ba da labari daga baya, launin taron 'yan kallo ne ya sauya masa. Shi ne na ɗaya, don haka ya kamata ya ga farin fuskoki sun juyo suna kallonsa. Sai ya ga duhun ƙeya. Mutane sun juya suna kallon wani abu can bayan kwana, kuma duk abin da ya fi na ɗaya ɗaukar ido ba alheri ba ne. Ya ce kafin tseren ya ga hoton wani karo irin wannan da aka yi a Monaco a 1936, shi ya faɗo masa a rai. Fangio ya ci kambun duniya sau biyar, ya rasu a 1995 yana da shekara 84.

Abin lura, a wannan rana bai nuna wata bajintar hannu ba. Birki ya taka da wuri, abin da ɗan koyo ma zai iya. Bambancin a ido yake, kuma an auna wannan. Tun a 1972 wasu masu bincike biyu, Mourant da Rockwell, a jihar Ohio ta Amurka, suka ɗauki motsin idon direbobi a fim, suka ga sababbin direbobi suna kafe ido kusa da hancin mota, ba sa yawan duba madubi, tsofaffin hannu kuwa nesa suke kallo. A 2001 Michael Land da Benjamin Tatler na Jami'ar Sussex suka sa wa ɗan tsere Tomas Scheckter kyamara yana zagaya filin Mallory Park a Ingila, suka ga kansa yana juyawa ya nufi cikin kwana kusan daƙiƙa ɗaya kafin motar ta bi. Ido ke gaba, hannu na biye. Shi ya sa malaman fili ke nanata wa ɗalibi cewa ya kalli inda yake son zuwa, domin wanda ya kafe ido a kan bishiya, bishiyar zai samu.

Tsofaffin direbobinmu na doguwar hanya sun san wannan karatu ko da ba su taɓa jin sunan Fangio ba. Ɗanyen ganye da aka zuba a kan kwalta yana nufin babbar mota ta mutu a gaba. Motocin da ke tahowa suna ƙyafta maka wuta da rana tsaka. Masu talla a bakin hanya sun bar kallon motoci sun juya wuri ɗaya. Akuya ta tsallaka, ka san ɗanta na biye. Ruwan farko ya sauka a kan ƙura da man da suka kwanta tun rani, kwalta ta koma sulɓi. Direban da ya ɗaga ƙafa saboda ɗaya daga waɗannan ya fi kusa da Fangio, nesa ba kusa ba, a kan yaron da ke wasan mota a gidan biki yana tayar da hayaƙin taya ana masa tafi.

Ƙasashen da suka ƙone hannu ba su rufe filayen santsinsu ba, manufar suka juya. A Norway da Sweden har yau sai ka shiga filin kafin ka samu lasin, amma yanzu ana kai ka ne ka ji a jikinka yadda ƙarin kilomita 10 ke tsawaita birki, da yadda mota ke ƙin jin magana. Sweden ta ƙara wani zama na dole tun 2009 a kan giya da ƙwaya da gajiya.

Don haka duk wanda zai biya wa ɗansa ko direbansa kuɗin irin wannan horo, ya fara tambayar abin da ake aunawa a ƙarshen yini. In saurin zagaye ne da iya cafke mota, wannan wasa ne, a bar shi a fili. Sannan ya saurari abin da yaron zai faɗa in ya dawo. In ya ce ashe mota ba ta tsayawa inda yake zato, kuɗi sun yi amfani. In kuwa ya shigo yana cewa yanzu babu santsin da zai kayar da shi, karɓi makullin motarka.